Dankalin da ke ƙin ƙurar furensa: abin da ƙwayar gadon Sli ta warware da abin da ta bari

Manomin dankalin Turawa ba ƙwayar iri yake binnewa ba, dankalin ne kansa yake mayarwa ƙasa. Hekta ɗaya tana cin tan biyu zuwa biyu da rabi na dankalin shuka, kuma abin da zai tsiro kwafin uwarsa ne sak, ya gaji kyawunta ya gaji cutarta. Amma shukar tana yin fure, furen kuma yakan ɗaure 'ya'ya masu kama da ƙananan ɗanyun tumatir, waɗanda ba a ci saboda dafinsu. Cikin kowane ɗa akwai ƙwayoyin iri sirara da kan kai ɗari ko fiye. A lissafin kamfanin Solynta na ƙasar Holan, giram 25 na wannan iri yana iya maye gurbin kilo 2,500 na dankalin shuka. To me ya hana duniya, mai noma fiye da tan miliyan 370 na dankali a shekara, komawa ga shuka ƙwaya kamar yadda ake yi da masara da tumatir? Amsar za ta kai mu ga wata ƙwayar gado mai suna Sli, wadda ke sa dankali ya karɓi ƙurar furensa.

Abu na farko shi ne yawan kwafi. Dankali yana da kuromozom iri 12, wato ƙunshin DNA da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Tumatir, ɗan uwansa na kusa, yana da kwafi biyu na kowane ɗaya, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Dankalin da ake nomawa a yawancin duniya kuwa kwafi huɗu gare shi, jimilla 48. Wannan ninki yana ba shi ƙarfi da girman 'ya'ya, amma yana wahalar da masu inganta iri ƙwarai. A ɗauki hali mai ɓuya, wanda ba ya bayyana sai duk kwafin da ke jikin shuka sun zo da shi. A shuka mai kwafi biyu da ke ɗauke da shi a kwafi ɗaya, idan aka barbare ta da ƙurar furenta, ɗaya cikin kowane 'ya'ya huɗu zai nuna halin. A mai kwafi huɗu da ke ɗauke da shi a kwafi biyu, ɗaya cikin 36 ne. Idan halaye biyu ake nema a tare, sai lissafin ya koma ɗaya cikin 16 a can, ɗaya cikin 1,296 a nan. Shi ya sa aikin samar da sabon irin dankali ya daɗe yana tafiya a hanya guda: a haɗa iyaye biyu masu kyau, a shuka dubban 'ya'yansu, a yi ta zubarwa ana zaɓe shekara goma zuwa goma sha biyar, a yi fatan dace. Idan aka dace ɗin, ba a iya ƙara wa wannan iri wani hali ɗaya tak a bar saura yadda suke, domin da zarar an sake barbara, haɗin da aka sha wahalar samu ya watse. Wannan ne dalilin da ya sa Bintje, da ya shiga kasuwa a Holan a 1910, da Russet Burbank na Amurka, wanda shi ma ya haura shekara ɗari, har yau ake noma su, duk da cututtukan da kowa ya san suna kama su.

Masara ta fita daga irin wannan hali tun farkon ƙarnin da ya wuce. George Shull ya nuna a wajajen 1908 cewa idan aka yi ta barbarar masara da ƙurar kanta tsara bayan tsara, za a sami tataccen layi wanda kwafinsa biyu suka zama ɗaya, kuma idan aka aurar da tatattun layuka biyu, 'ya'yansu za su fito da ƙarfi, kowanne kamar ɗan uwansa. Duk shekarar da aka maimaita wannan aure, abu ɗaya za a samu. A kan wannan aka gina sana'ar iri mai aure ta zamani. Lissafinta kuwa mai sauƙi ne: a shuka mai kwafi biyu, kowace barbarar kai tana rage bambancin da ke tsakanin kwafin da rabi, don haka bayan tsara bakwai abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A mai kwafi huɗu, kashi ɗaya cikin shida kawai ke raguwa kowace tsara, sai an yi kusan tsara 25 kafin a kai wannan matsayi. Babu mai inganta irin da zai jira haka.

Sai aka ce a sauko da dankali zuwa kwafi biyu. Wannan ba ya gagara. Manoman tsaunukan Andes, inda aka fara noman dankali dubban shekaru da suka wuce a kewayen tafkin Titikaka, har yanzu suna da nau'o'i masu kwafi biyu irin su Phureja, kuma yawancin dankalin daji haka suke. Tun ƙarshen shekarun 1950 kuma, Hougas da Peloquin a Jami'ar Wisconsin suka nuna yadda ake fitar da shuka mai kwafi biyu daga mai kwafi huɗu. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Yawancin dankali mai kwafi biyu ba ya karɓar ƙurar furen kansa. A shafa masa ita yadda aka ga dama, furen zai bushe ya faɗi ba tare da ɗaure ɗa ba. Shukar da ba ta yarda da barbarar kai kuwa ba a iya tace ta.

Abin da ke faruwa cikin furen ana iya ganinsa da ido a ɗakin gwaji. Mai bincike zai karkaɗe ƙurar daga sassan namiji na furen, galibi da wata 'yar na'ura mai girgiza, domin ta ƙananan ramuka a ƙarshensu ƙurar ke fita. Zai ɗora ta a kan sandar mace da ke tsakiyar furen. Bayan kwana biyu zai cire sandar, ya tausasa ta, ya rina ta da wani shuɗin rini da ke sa zaren ƙura ya yi haske a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kowace ƙwayar ƙura tana fitar da siririn bututu da ke kutsawa ta cikin sandar zuwa mahaifar furen, inda ƙwayayen mace suke. Idan ƙurar ta wata shuka ce, za a ga daruruwan zare masu haske sun miƙe har ƙasa. Idan ta shukar ce kanta, za a ga sun tsiro lafiya, sun fara tafiya, sannan sun tsaya cak a kashin sama na sandar, bakinsu ya kumbura, wasu sun fashe.

Wurin da ke hukunta wannan yana kan kuromozom na 1, kuma ana kiransa mazaunin S. Hanya mafi sauƙin gane shi ita ce ta dafi da makari. Sandar mace tana cike da wani furotin mai suna S-RNase, wanda aikinsa daddatsa RNA, wato saƙonnin da ƙwayar halitta ke dogara da su wajen ƙera abin da take bukata don girma. Masana a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, ƙarƙashin Adrienne Clarke, su ne suka fara ware ƙwayar gadonsa a 1986 daga wata 'yar uwar taba, kuma a 1989 aka tabbatar cewa RNA yake lalatawa. Wannan dafi kala-kala ne, akwai S1, akwai S2, akwai S3, har gommai, kuma shuka mai kwafi biyu tana ɗauke da kala biyu. Yana shiga kowane bututun ƙura, na gida da na baƙo, ba ya zaɓe. Bambancin yana wajen makari. Kowace ƙwayar ƙura tana tafe da tarin furotin da ake kira SLF, waɗanda ke cafke S-RNase su liƙa masa alamar da ke sa ƙwayar halitta ta narkar da shi. Bincike a kan furen petuniya da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa kowane nau'in S yana da tarin waɗannan makarai, kowanne da kalolin dafin da yake karyawa, kuma idan aka haɗa su suna karya kusan kowace kala, ban da ɗaya: tasu ta gida. Don haka ƙurar S1 tana ratsa sandar S2 da S3 lafiya lau, amma idan ta haɗu da dafin S1 ba ta da abin kare kanta. Shukar S1S2 kuwa ƙurarta ko dai S1 ce ko S2, kuma duka kalolin biyu suna jiran ta a sandar. Babu ƙwaya ɗaya da za ta kai.

Wannan bayani shi ne kuma ke warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai, wato me ya sa dankali mai kwafi huɗu shi yake karɓar ƙurarsa. Ƙurarsa tana ɗauke da kwafin S biyu. Idan ƙwaya ta zo da S1 da S2 a tare, makaran S1 za su karya dafin S2, na S2 su karya na S1, sai ta wuce. Wato mai kwafi huɗu yana yarda da barbarar kai amma tace shi ya yi nisa, mai kwafi biyu yana da saurin tacewa amma ba ya yarda. Tsakanin waɗannan biyu aikin ya maƙale shekaru da dama.

A 1998 Kazuyoshi Hosaka na Japan da Robert Hanneman na Amurka suka wallafa bincike a kan wata shukar Solanum chacoense, dankalin daji na yankin Ajantina da Faraguwe da Bolibiya, wadda ta saɓa wa danginta tana ɗaure 'ya'ya da ƙurar kanta. Sun gano ƙwayar gado guda ce mai rinjaye ke jawo haka, kuma ba a mazaunin S take ba, tana can ƙarshen kuromozom na 12. Suka sa mata suna Sli. Daga nan aka shiga ɗaukar ta ana kaiwa cikin dankalin noma. Shelley Jansky ta Ma'aikatar Noma ta Amurka da abokan aikinta a Wisconsin sun fitar da layin M6 a 2014, bayan barbarar kai har tsara bakwai, ya zama tushen da masu bincike da yawa suka ɗebi Sli. A Holan kuma, Pim Lindhout da abokansa sun bayyana a 2011 cewa sun bi wannan hanya sun fara samun tatattun layuka, wanda shi ne aikin da Solynta ta ginu a kai. Sai dai ɗauko Sli daga dankalin daji ba kyauta ba ne. Chacoense yana zuwa da ƙananan 'ya'ya, da dogayen jijiyoyi masu kai 'ya'yan nesa da gindin shuka, da yawan sinadarin nan mai ɗaci da dafi. Kowane ɗaya sai an sake shekaru ana kankare shi.

Shi ya sa abin da masana a Jami'ar Wageningen suka wallafa a 2020 ya ba da mamaki. Corentin Clot da abokan aikinsa suna neman dalilin da ya sa wasu shukokin dankalin noma masu kwafi biyu kan ɗaure 'ya'ya da kansu, sai sawun ya kai su wuri guda a ƙarshen kuromozom na 12, kuma yankin DNA ɗin iri ɗaya ne da na M6. Da suka duba nau'o'in kasuwa masu kwafi huɗu, sai ga shi a cikin da yawa daga cikinsu. Tarihin zuri'a ya nuna mai yiwuwa ya shigo ne ta Rough Purple Chili, dankalin da aka kawo wa Chauncey Goodrich na jihar New York a 1851, kakan Early Rose, wanda shi kuma daga gare shi Burbank da ɗimbin nau'o'in Turai da Amurka suka fito. Sli tana zaune cikin gonaki sama da shekara ɗari da hamsin ba wanda ya lura, saboda a shuka mai kwafi huɗu, wadda dama tana karɓar ƙurarta, ba ta da wani aikin da za a gani. Ga mai inganta iri, ma'anar wannan ita ce ba sai ya shiga daji ba, yana iya fitar da mai kwafi biyu daga iri mai kyau ya duba da gwajin DNA ko Sli ta biyo shi.

A 2021 ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta Solynta da Wageningen, ɗaya ta masana a ƙasar Sin, kowace ta gano ita kanta ƙwayar gadon. Furotin ɗin da take ƙerawa ɗan gidan su SLF ne ta fuskar aiki, yana cafke S-RNase ya miƙa shi a narkar, sai dai shi ba ya tsallake kalar gida. Makari ne mai karya kaloli da yawa. Kuma kowane dankali yana da wannan ƙwayar gado, bambancin kawai shi ne inda take aiki. Ƙungiyar Holan ta nuna cewa a shukoki masu karɓar kai, wani guntun DNA mai tsawon harafi 533 ya shiga gaban ƙwayar gadon, a sashen da ke kunna ta, shi ne ya sa take kunnuwa cikin ƙurar fure. A sauran shukoki tana nan amma shiru take a cikin ƙura.

Kasancewar cikin ƙurar take aiki yana barin sawu a rabon gado, kuma sawun yana da amfani. A ɗauki shuka mai Sli a kwafi ɗaya, ɗayan babu. Rabin ƙurarta na da Sli, rabi babu. Idan aka barbare ta da kanta, rabin da babu zai mutu a sandar mace, don haka duk ɗan da aka samu ya gaji Sli daga ɓangaren uba. Maimakon rabon da aka saba na ɗaya, biyu, ɗaya, sai a ga rabin 'ya'yan da Sli a kwafi biyu, rabi a kwafi ɗaya, babu ko ɗaya da ya rasa ta. Halin yana kafa kansa da kansa. Amma duk abin da ke maƙwabtaka da Sli a wannan ƙarshen kuromozom shi ma yana bin ta, mai kyau ne ko maras kyau, kuma raba su yana bukatar sa ido.

Akwai hanya ta biyu, wato a kashe dafin daga tushe. A 2018 ƙungiyar Sanwen Huang a Sin ta yi amfani da CRISPR, fasahar yanke DNA a daidai inda ake so, ta lalata ƙwayar gadon S-RNase a dankalin Phureja, shukokin suka koma karɓar ƙurarsu, 'ya'yansu ma haka. A 2019 masana a Jami'ar Jihar Michigan suka sami irin wannan sakamako. Hanyar tana da tsafta, ba ta jawo kayan daji, amma dokokin ƙasashe game da shukar da aka taɓa wa gado sun bambanta, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kamfanoni da yawa suka fi son Sli, wadda barbara ta yau da kullum ke kai ta inda ake so.

A ganina an fi yayata labarin Sli fiye da abin da ya biyo bayanta, alhali can ne wahalar take. Ƙin ƙurar kai ba aibi ba ne a wurin shuka, kariya ce. Dubban shekaru ana yaɗa dankali ta hanyar binne 'ya'yansa, kuma a duk wannan zamani kurakurai suna ta taruwa a DNA ɗinsa ba tare da an tace su ba, domin duk kwafin da ya lalace akwai lafiyayye a gefensa da ke rufa masa asiri. Ranar da aka barbari shuka da kanta, lalatattun kwafi biyu sukan haɗu a ɗa guda. Abin da ake gani a tiren reno bayan barbarar kai ta farko ba ya da daɗin kallo: wasu ƙwayoyin ba sa tsirowa sam, wasu su fito farare fat babu koren ganye su mutu cikin kwanaki, wasu su tsumbure, wasu su girma amma su ƙi fure, wasu su yi fure ƙurarsu ta zama fanko. Wannan na ƙarshe yana da ruɗarwa, domin shukar da ta kasa ɗaure ɗa ba lallai ƙin kai ne ya hana ta ba, wataƙila rashin haihuwa ne, kuma wanda bai duba zaren ƙura a madubi ba zai iya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Layuka da yawa a tsara ta biyu ko ta uku suke ƙarewa, da Sli a jikinsu.

Ƙungiyar Huang ta bi diddigin wannan rauni a wani bincike na 2019, ta gano cewa kowane layi da nasa tarin kurakuran, kaɗan daga cikinsu manya masu kisa, mafi yawa ƙanana da ke rage ƙarfi kaɗan-kaɗan. Wani lokacin kuma mugun kwafi biyu suna zaune dab da juna, ɗaya a kan kuromozom ɗin uwa ɗaya a kan na uba, ta yadda duk wanda ka guje wa za ka faɗa wa ɗayan, sai an sami ɗan da kuromozom ɗin suka yi musanya daidai tsakaninsu. Nemo irin wannan ɗa sai da karanta DNA na shukoki masu yawa. Da haka suka kai ga tatattun layuka, suka aurar da biyu, suka fitar da Upotato 1 a 2021, wanda ya nuna ƙarfin da ake gani a masara mai aure, tun da kurakuran uwa daban na uba daban, kowanne ya rufe na ɗayan. A 2023 suka ƙara da wani abu da ya saɓa wa abin da ido ke faɗa wa mai zaɓen iri: shuka mai ƙarfi da kyan gani tana iya zama mummunar mafari, saboda ƙarfin nata na ɓoye kurakurai masu yawa ne, yayin da wata mai rauni, wadda nata sun riga sun fito fili, ta fi saurin ba da tataccen layi mai rai.

Duk da haka ina ganin aikin ya cancanci wahalarsa, kuma ba don sauƙin dakon iri kaɗai ba. Yawancin ƙwayoyin cutar bairos da ke taruwa a dankalin shuka shekara bayan shekara ba sa bi ta ƙwayar iri. Ƙwayar tana ajiyuwa shekaru ba tare da ɗakin sanyi ba. Dankali ɗaya yana ba da kamar goma a kaka, shuka ɗaya kuwa tana ba da dubban ƙwayoyi. Mafi girma kuma, da tataccen layi ana iya ɗauko ƙwayar gadon juriya ga cutar nan mai ƙone ganye, wadda ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845, a saka ta cikin 'yan shekaru ba tare da rushe sauran halayen ba, har a jera biyu ko uku a iri guda don cutar ta kasa karya su lokaci ɗaya. Tunanin shuka ƙwayar dankali ba sabo ba ne, Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima ta yi aiki a kai tun shekarun 1970, amma da iyaye masu kwafi huɗu da ba a tace ba, sai gonar ta fito kowace shuka da kamanninta. Daidaiton nan shi ne abin da tacewa ta kawo. Masu fargabar cewa manomi zai koma sayen iri kowace shekara suna da hujja a masara, amma a dankali akwai sassauci, domin 'ya'yan da iri mai aure ya bayar a ƙasa kwafinsa ne, ana iya sake binne su kamar kowane dankali.

Saura kuma wasu matsalolin da karɓar kai ita ce ta haifar da su. Wanda zai samar da iri mai aure yana bukatar uwa ta karɓi ƙurar uba kaɗai, ga shi kuma ya sha wahala ya mayar da ita mai karɓar tata. Don haka sai ma'aikata su bi fure ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, su cire sassan namiji kafin su nuna, sannan su shafa ƙurar uban da hannu, wanda ke sa irin tsada. Ana neman layukan uwa marasa ƙura mai rai don rage wannan aiki, amma layin da ba ya ƙura ba ya iya barbarar kansa, sai an tanadi wata hanyar riƙe shi. A gona kuma, tsiron da ya fito daga ƙwaya siriri ne, ba shi da guzurin da dankalin shuka ke ba tsironsa, ciyawa da sanyi suna cin ƙarfinsa, kakarsa ta fi tsawo. Saboda haka a wurare da yawa ana fara renonsa a tire kamar tumatir kafin a dasa, ko a yi amfani da shi a samar da ƙananan dankalin shuka masu tsabta, su kuma a raba wa manoma a kaka ta gaba.